A Ceci Bajimin Kawu Daga Injin Uwar Ɗaki

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Shugaban Kamfanin da ya ƙera motar Kawu Ɗan Iya, a kowace ƙasa yake. Idan ya riga mu gidan gaskiya, to zuwa ga magajinsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ka gafarce ni da ban ambaci sunanka ba. Tambarin da kuka manna a goshin motar ya faɗi tun ina goye. Sunana Kamaruddeen, daga wani ƙauye kusa da Tsanyawa, kuma ni ne shugaban masu tura tsohuwar a-kori-kurar nan da Kawu yake kira Uwar Ɗaki. Ina da 'yan koke-koke, cikin ladabi.

Na ɗaya. Kun ƙera motar da ba ta tashi sai an gangara da ita, kuka aiko ta ƙasar da babu tudu. Ranka ya daɗe, ba wanda ya ba ku labarin ƙasarmu ne? Daga ƙofar gidanmu har inda ido ya tsaya gonar gero ce shimfiɗe kamar tabarma. Yanzu da yaran unguwa sun hango Kawu da makulli, sai kowa ya tuna an aike shi.

Na biyu. Wannan jar fitilar da ke kunnawa a gaban direba, wa ya koya mata zare wa manya ido? Kawu ya yi haƙuri da ita damina guda, sannan ya liƙe ta da takardar alawa. Tun daga ranar ba ta sake yi masa rashin kunya ba.

Na uku, kuma a nan nake neman ilimi. Da lagireto ya fara yoyo, maƙwabcinmu Baba Buwai ya ce a zuba garin kuka, zai toshe hujin. Wallahi ya toshe. Sai dai ba ku rubuta mana ma'auni ba. Cokali ne ko ludayi? Kawu mutum ne mai kyauta, ba ya ƙwauron hannu ga Uwar Ɗaki, har sai da matarsa Inna Nana Hafsat ta koma ɓoye kukarta a ƙarƙashin gado. Idan muka iso kasuwa aka buɗe bonet, mutane waiwayowa suke yi suna neman mai tuwo.

Na huɗu. Makon jiya ta tsaya cak a hanyar Minjibir, tana fitar da farin hayaƙi. Muka kira Basiru bakanike. Ya zaro sandar baƙin mai, sai ga shi ya koma kalar kunun gyaɗa. Ya ce ruwa ya haɗu da mai, gaskit ya ƙone. Ya sa muka tura ta ɗan tashi, ya kara sukundireba a jikin injin ya ɗora kunnensa, mu ma daga nesa muna jin lugude kamar gidan biki. Ya ce kuka ta toshe hujin, ta kuma toshe duk hanyar da ruwa yake bi, injin ya dahu ya buga. Hanya biyu ce: a sauke shi a yi masa aiki tun daga ƙasa, ba tare da alkawarin zai ga wata damina ba, ko a sayo na hannu a Kano, wanda Allah kaɗai ya san wahalar da ya sha kafin ya iso. Kawu ya ce Basiru yaro ne, masu ita sun ƙera ta ne ba don ta mutu ba. Ka ji inda sunanka ya shigo.

Na biyar. Kawu ya rantse zai gyara, kuma abin da zai sayar ya yi gyaran shi ne Goje, bajimin da muke huɗa da shi. Ranar kasuwa mai zuwa za a kai shi kara. Ranka ya daɗe, ka san wa ya jawo motarka gida daga hanyar Minjibir? Goje ne. Wa ya fito da ita daga taɓo bara? Goje. Bai taɓa neman filogi ba, bai taɓa zare wa Kawu ido ba, hayaƙinsa ma taki ne. Idan ya tafi, da me za mu yi huɗa, kuma wa zai jawo Uwar Ɗaki ranar da sabon gyaran ya gaji? Na duba gidan kaf, ni kaɗai nake gani.

Ni makarantar allo na yi, kuma a can an koya mana cewa idan mai rai ya cika, sutura ake yi masa, ba a yanka lafiyayye don a tashe shi.

Saboda haka ina roƙon alfarma. Kawu ba ya jin maganar kowa sai ta masu ita. Ka aiko masa da saƙo kafin ranar kasuwa, da babban hatimi, cewa kamfani ya yi wa injin ritaya cikin girmamawa, ya kuma naɗa Goje a gurbinsa. Mu cire mataccen mu ba 'yan gwangwan, motar ta yi sauƙin ja. Kawu ya zauna a kujerarsa, ga sitiyari ga oda, gyaɗarmu ta isa kasuwa. Gudun ma ba zai ragu ba, na auna su.

Idan kuma kana ganin wannan zai zubar da mutuncin kamfaninka, to bismilla, ka zo da kanka. Akwai wuri a bayan motar, kusa da ni, ɓangaren da salansa take.

Naka mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa duk da ciwon baya,

Kamaruddeen,
ɗan ƙanin Ɗan Iya, kuma abokin aikin Goje.