Ranar Da Na Kasa Gane Gidana

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa Malam Ayuba ba. Shi ne ɗan kwangilar da na ba gyaran wani tsohon gida da na saya a unguwar Dar es Salam don in zuba ƴan haya. Mutumin Dogonduci ne, marar hayaniya, kuma da ƙyar na same shi don aikinsa ya yi suna. Ni ina shago a Zongo, shi yana turo mini hotuna a salula: an sa karo, wato tayil, an yi fenti, an canza ƙofa.

Hotunan suka yi kyau har na fara zargi. (Mu ƴan kasuwa, in abu ya cika kyau sai hankalinmu ya tashi.) Na ɗauki surukina a matsayin shaida, muka tafi ba sanarwa.

Na tsaya a tsohuwar ƙofa mai tsatsa da na sani, na tura. Ba karo, ba fenti, ga wanki a igiya, ga wata mata tana tuƙa tuwo.

Nan take na kira shi, na buɗe murya don surukina ya ji.

"Ayuba, ashe kai macuci ne? Ba ka taɓa komai ba, har ka zuba mini mutane a gida!"

Sai ga kansa ya leƙo ta saman katanga, salula a kunne, fenti a gemu.

"Alhaji, naka ne nan. Can gidan maƙwabta ne."

Ashe gidajen layin duk zubi ɗaya ne, tawa ƙofar kuma ni da bakina na ce a canza ta. Matar ta ɗaga muciya ta ce, "Bawan Allah, ko sallama babu?" Surukina ya juya yana ta kallon wayar lantarki. Kunya kamar in nutse.

Malam Ayuba ya gama aikin tsaf, ya miƙo mini makullai. Da na sayi gida na biyu na neme shi, ya ce, "Alhaji, ka samu wanda ka yarda da shi." Bai ƙara ko kalma ba.

Wanda na samu yanzu, kullum ina kansa a tsaye cikin rana, kuma har yau ba a kafa ƙofa ba. Na dai koyi yin sallama kafin in fara zagi.