Rasuwar Mai Gatari a Ƙarƙashin Gada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda zargi bai bar ta ta huta ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Mai Gatari, jarumina na cikin wasan kwamfuta. Ya rasu ranar Talata da hantsi, ina shago, bayan shekara huɗu da wata biyu muna tare. Ga wanda bai san wasan ba, irin wanda mutum ke ƙera jaruminsa ne ya shiga da shi ƙasar dodanni da matsafa. Ni kuma da taurin kaina na zaɓi tsarin rai ɗaya: wanda ya mutu ya mutu, babu dawowa.

Marigayin ya rayu a ƙasa mai kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Akwai dutsen da nakan tsayar da shi a kai, in saki linzami, mu yi ta kallon gajimare na wuce hasumiya. Ƙasa ce mai riƙe alheri. Wata maƙeriya da muka ceto mijinta tun shekarar farko, har ƙarshen rayuwarsa da fara'a take tarbarsa.

Amma ƙasar tana da halinta. Dokinsa yakan maƙale a bango, rabi ciki rabi waje, yana kallona kamar ni na gina. Birni na ci da wuta, sai wani tsoho ya tare shi ya aike shi tsinto naman kaza goma. Mai gadin ƙofa kuwa magana ɗaya ya iya, "Hattara da hanya, matafiyi," kuma da ita ya gaishe mu shekara huɗu. Sai wata murya da ba ta tashi sai ana tsakiyar yaƙi: "Jakarka ta cika."

Ya bar takubba goma sha ɗaya da bai taɓa zarewa ba, da dokin nan, da abokiyar tafiya mai kwari da baka wadda tun farko ban yarda da ita ba, da wata sarauniya da ke jiran ceto tun bara waccan. Da ni.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya tafi. Ranar Litinin na bar shi a masauki lafiya lau, cikin sulkensa. Talata na dawo na tarar da hoton kabari a fuskar kwamfuta, an rubuta wai ya faɗo daga gada. Mutumin da ya kashe dodanni uku! Da na duba kayan da ya bari, babu sulke a jikinsa, ƙugiya ce a hannunsa, akwatinsa na masauki kuma maƙil da kifi. Ni ban taɓa kama kifi a wasan nan ba.

Na fara da matata. "Ni da ko goge teburin nan ba ka bari in yi?" in ji ta. Amsar ta zo da sauri fiye da kima. Yayata, wadda ke leƙowa duba mahaifinmu kullum, dariya ta yi har da riƙe ciki, kuma mai gaskiya ba ya irin wannan dariyar. Mai gyaran kwamfuta ya ce wasan ne da kansa yakan rikice. Shi ma na sa masa ido.

Ranar Alhamis na lura an matso da kujera dab da teburi, an ƙara wa rubutun wasan girma. A bayan kwamfutar kuma ga tabarau na karatu. Tabarau sana'ata ce, wannan kuwa da hannuna na haɗa wa Baba shi.

Baba, wanda shekara huɗu yana kirana ƙaton banza mai wasan yara.

Na same shi a falo, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan matashi. "Baba, ko kun shiga ɗakina?"

Ya juya ya kalli taga. "Kifin rafin nan yana cin ƙugiya," in ji shi. "Sulken ne na ga ya yi masa nauyi, na tuɓe masa."

Ashe wata uku ke nan. Tun da Mama ta rasu, gwiwa kuma ta hana shi fita, daga safe har yamma kusan shi kaɗai yake wuni. Matata ce ta koya masa kunnawa, Yaya ce mai tsaron ƙofa. Kullum sai ya kai jarumin bakin ruwa, ya mayar da shi masauki kafin in dawo, ya sa masa sulkensa tsaf.

"A kan gadar na danna maɓallin da ba shi ba," ya ce. "Na yi ta kiransa, bai taso ba."

Kwana biyu ina wasa maganganun da zan gaya wa mai laifi. Sai na ji kaina ina tambayarsa wane kifi ne ya fi wuyar kamu, ya kuwa yi rabin awa yana ba ni labari.

Za a yi jana'izar ranar Asabar da safe a ɗakina, inda za a goge abin da ya rage na marigayin. Matata da Yaya za su halarta, amma a tsaye daga baya, domin bincike a kansu bai ƙare ba. Ana neman gafarar mai gyara. Bayan an watse za a ƙera sabon jarumi mai rai da yawa, a ajiye shi kusa da ruwa. Baba ya ce kada a ba shi gatari, kuma ya yi alkawarin ba zai sake hawa gada ba sai ina gida.

Ban yarda da shi ba ko kaɗan. Amma na shigo da kujera ta biyu.