Yadda Za Ka Sa Manaja a Jarida Ko da Bai Tsinana Komai Ba

Kai jami'in hulɗa da jama'a ne, kuma Manaja ya rantse in mako ya ƙare bai ga sunansa a jarida ba, kujerarka ta tafi? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin kafin Juma'a zai ga kansa har da hoto. Wani da ake kira Malam Sanarwa ya gwada su a kamfanin sabulu, shekara huɗu da su yake ci da iyalinsa.

1. Nemo labari inda babu

Jiran wani abu ya faru jiran gawon shanu ne. Ranar da aka sayo fanka a ɗakin masu naɗe sabulu, Malam Sanarwa ya aika wa manema labarai cewa kamfani ya ƙaddamar da gagarumin shirin kyautata wa ma'aikata. Fankar ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda, amma wannan ba ya shiga takarda.

2. Mai da asara ado

Rufin sito ya yi yoyo, ruwa ya narkar da katan arba'in? Ka ce an kammala gwajin kumfa, sakamakon ya zarce yadda aka zata. Ba ka yi ƙarya ba, ai kumfar har bakin titi ta kai.

3. Sa wa Manaja magana a baki

Nan gishirin yake. Da Malam Sanarwa ya tambaye shi me zai ce kan fankar, bai ko ɗago kai daga waya ba.

"Rubuta abin da ka ga dama, kai dai a sa hoton nan da na sa tabarau."

Washegari jarida ta ruwaito Manaja yana cewa, "Gumin ma'aikaci amana ne a wuyanmu." Bayan gumi aka yi na haƙuri, aka yi na gaskiya, kowane mako da sabuwar hikima.

4. Kada ka cika iyawa

Wannan matakin ne Malam Sanarwa ya tsallake. Manaja ya fara yanke maganganun yana mannawa a bango, yana karanta wa baƙi. Matarsa ma ta ce shekara ashirin ba ta san da masani take zaune ba. Wata Litinin Manaja ya kira Malam Sanarwa ofis.

"Malam, ka ga dai baiwar maganar da Allah ya yi mini. Kai kwafa kawai kake yi, sakatariya ma za ta iya."

"Ranka ya daɗe, ai ni ne..."

"Kai ne me?"

Malam Sanarwa ya dubi bango, ya dubi Manaja, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Ba komai, ranka ya daɗe."

"To, kafin ka tafi, rubuta sanarwar ajiye aikinka. Ka sa na faɗi abu mai daɗi."

Ya zauna ya rubuta cewa Manaja ya ce kamfani ya yi rashin gwarzon da ba a samun irinsa. Manaja ya karanta, idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce wallahi haka yake ji a ransa. Sannan ya karɓi mabuɗin ofis.

Hattara

Duk wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a gida, ba ruwana, kada ya neme ni. In kuma mai rubuta sanarwa ake nema, kullum ina gida yanzu, kuma na yi shekara huɗu a harkar sabulu.