Na Nemi Hanya a Tsakiyar Teku

Ba zan taɓa mantawa da cokalin miyan nan ba, da yadda aka riƙa kaɗa shi a gaban idona kamar ana yi wa jariri wasa.

Gwaggona ce ta kai ni inda na haɗu da shi. Gwaggo Mairo yayar babana ce, tana da shago a kasuwar Adjamé da ke Abidjan, atamfar Holan take sayarwa tun kafin a haife ni. Wata shekara kamfanin da take sarin kaya a wurinsu ya gayyaci manyan dillalansa yawon buɗe ido a jirgin ruwa: a tashi daga Holan, a bi gaɓar teku a yi arewa har Norway, a dawo. Aka ce kowa ya zo da mutum ɗaya. Gwaggo tana jin Hausa da Julanci, tana kuma da Faransancin kasuwa wanda ya ishe ta ciniki da faɗa, amma bai kai na zama da Turawa a teburi ba. Ni kuwa na gama lise, wato sakandare, ina zaune a gida a Treichville ina jiran shiga jami'a, ina rubuta 'yan waƙoƙi da Faransanci a kan teku (tekun da ban taɓa tsoma ko ƙafa a ciki ba, iyakata bato-bis, ƙaramin jirgin fasinja da ke tsallaka ruwan lagun na tsakiyar gari zuwa unguwar Plateau).

"Ke ce bakina," in ji Gwaggo ranar da za mu tashi. "Abin da suka faɗa ki juya mini yadda yake. Abin da na faɗa kuma ki wanke shi kafin ki miƙa musu."

Jirgin ya fi duk wani bene da na sani a unguwarmu tsawo. Akwai lif a ciki, akwai wurin aski, akwai shaguna, har da wani ɗan tafki a can sama wanda ban ga wanda ya shiga ba saboda sanyi. Ɗakinmu ƙarami ne, gado biyu da taga zagayayya. Gwaggo ta shiga ta duba banɗaki, ta fito ta buɗe akwati ta ciro butarta. Bayan buta sai ga yaji a kwalba, sai busasshen acheke, wato dambun rogo, sai goro a cikin jiƙaƙƙen tsumma. Na ce, "Gwaggo, an ce akwai abinci dare da rana." Ta ce, "An ce."

Akwai abincin kuwa, kamar ana biki kullum. Mu dai kifi muka riƙe, tunda ba mu san wanda ya yanka naman ba. Kifi da safe, kifi da rana, wani ma ɗanye ne aka yayyanka shi siriri kamar takarda. Gwaggo takan zaro kwalbarta daga jaka ta barbaɗa, har wani tsohon Bature da ke zama kusa da mu ya roƙi ya ɗanɗana. Ya yi tari har hawaye, washegari kuma ya sake miƙo farantinsa.

Sallah ce ta fi ba mu aiki. Za mu tambayi ma'aikata gabas, a nuna mana, kafin mu gama alwala jirgin ya karkata ya bi wani lungun ruwa. Rana kuma ta ƙi faɗuwa. Gwaggo takan tsaya a taga da carbi tana hararta. "Wannan ranar ba ta da gida ne?" Daga baya muka haƙura muka koma bin agogo.

Ni dai ina cikin mafarkina. Kwanakin farko jirgin yana tafiya ne a tsakanin duwatsu, a kan ruwa mai duhu wanda ko motsi ba ya yi. Duwatsun sun miƙe tsaye dama da hagu, ruwa yana zubowa daga kansu fari fat kamar an saki rawani. Can sama ka hango gida ɗaya ja, shi kaɗai, ka rasa ta ina mai shi yake hawa. Tsofaffin Turawa suna jere a kujeru a waje, kowa ya lulluɓe da bargo har wuya, ba mai magana. Yarinyar da ta tashi cikin hon ɗin gbaka, motocin hayarmu, da ihun 'yan kamasho ba ta taɓa jin shiru irin wannan ba. Na tsaya a bakin ƙarfe iska tana kaɗa gyalena, na yanke wa kaina hukunci cewa ni dama 'yar teku ce, kuskure aka yi aka haife ni a tudu. (Na ma faɗa wa Gwaggo haka. Ta ce in shigo kada mura ta kama ni.)

A ranar da jirgin ya fito daga cikin duwatsu ya juyo kudu, aka aiko cewa Kumandan, wato shugaban jirgin, yana gayyatar Gwaggo cin abincin yamma a teburinsa, tare da wata Madam da ke shugabantar masu zanen atamfa a kamfanin. Gwaggo ta san dalili. An yi sabon zane wanda bai shiga kasuwa ba, ana neman wadda za a fara ba ita kaɗai a Abidjan. Ta kafa ɗaurin da ya kusa taɓa rufin ɗakin, ta sa zinarenta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Yau ba ranar kallon taga ba ce. Ki buɗe kunne. Kuma ki nuna musu daga gidan mutunci kika fito."

Tun a lif na fara jin wani abu. Ƙasan jirgin yana ɗagowa a hankali ya tura tafin ƙafata, sannan ya janye ya bar ni a sama. Ban gaya wa kowa ba. 'Yar teku ba ta ƙorafi.

Kumandan dattijo ne ɗan Norway, mai farin gemu da fararen kaya, yana jin Faransanci irin na littafi, kowace kalma a wanke a goge. Madam kuma ba ta taɓa taka Afirka ba, daga hotuna take sanin matan da ke ɗaura zanenta. Aka gaisa, na juya. Aka kawo miyar kifi mai madara, fara, mai kauri. Na sha cokali biyu don ladabi. Na kalli miyar, na ga ta kwanta gefe ɗaya na kwanon, ta dawo ta kwanta ɗaya gefen.

Madam ta ciro atamfar daga wata jakar takarda ta warware a kan teburi tsakanina da Gwaggo. Shuɗiya ce mai duhu, da layuka masu lanƙwasa launin zinare suna bin juna. Kyakkyawa ce ƙwarai, sai dai layukan ma na ga suna tafiya. Madam ta ce ta ji matan Abidjan ne ke raɗa wa atamfa suna, kuma wadda ba a raɗa wa ba ba ta sayuwa. Wane suna Hajiya take gani? Na juya. Gwaggo ta murza bakin zanen da yatsu, ta shinshina, ta ce a gaya mata suna ba a yi masa gaggawa. Na wanke na miƙa. Zufa mai sanyi ta tsattsafo mini a goshi.

Na sunkuya na raɗa mata, "Gwaggo, ina so in fita."

Ba ta ko kalle ni ba. "Ni ce mai gidan? Ki nemi hanya wurin mai jirgi."

To, a nan sai na yi wa wanda bai san Abidjan ba bayani. A wurinmu baƙo ba ya miƙewa ya ce zai tafi. Hanya yake nema. Bahaushe, Bajule, Baule, kowa haka yake yi, da harshensa ko da Faransanci. Mai gida kuma ba ya bayarwa a roƙon farko, don kada a ce ya gaji da kai. Sai ya sako wata hira, ka sake nema, sannan ya ce ya ba ka rabi, domin ka dawo. Da wannan na tashi. Ban taɓa zaton neman hanya ba Faransancin duniya ba ne. Na ɗauka har a Paris haka ake yi.

Na gyara zama, na sassauta murya, na ce, "Commandant, je demande la route," wato ina neman hanya.

Fuskar dattijon nan ta haskaka kamar an kunna fitila. Ya ce shekara da shekaru yana cin abinci da fasinjoji, tambayarsu ɗaya ce, wa ke tuƙi yanzu da yake zaune a nan. Yau ga matashiya tana tambayar hanyar da jirgi zai bi! Ya ture farantinsa. Ya jera gutsattsarin burodi, ya ce wannan gaɓar Norway ce. Kwalbar gishiri ta zama Denmark. Ya ɗauki cokalin miyansa ya ce, "Wannan mu ne."

Gwaggo ta taɓo ni da gwiwar hannu. "Me ya ce?"

"Yana nuna mini hanya, Gwaggo."

"Kin gani? Mutumin kirki. Ya san al'ada, ba ya sallamar baƙo a roƙon farko. Wa ya ce Turawa ba su da tarbiyya?"

Cokali ya bar burodi ya shigo fili. Kumandan ya ce daga nan babu sauran dutsen da zai kare mu, iska tana tahowa tun daga Iceland ba abin da ya tare ta. Na haɗiye yawu. Na jira ya ja numfashi, na sake cewa, a karo na biyu kamar yadda aka koya mini, "Pardon, Commandant, je demande la route."

Ya ba ni haƙuri. Ya ce ya yi sauri da yawa, bari ya sake daga farko.

Ya mayar da cokalin can arewa wajen kofin Madam. Wannan karon har da yadda igiyar ruwa take ɗaukar jirgi: ya ɗaga cokalin sama a hankali, ya karkata shi, ya sauke, ya sake ɗagawa. Idona yana binsa, cikina ma yana binsa. Ƙofar fita tana can ƙarshen zauren, bayan teburori masu yawa da mata masu dogayen riguna. Da na miƙe kawai na tafi, da na isa. Amma ba a ba ni hanya ba, kuma Gwaggo ta ce in nuna gidan da na fito. (Na sha tambayar kaina me ya hana ni cewa ba ni da lafiya. Amsar ita ce, a gaban manya, ana cin abinci, bakina bai san yadda ake faɗar wannan ba da kowane harshe.)

Na buɗe baki in nema a karo na uku. Na kai "je demande", sauran bai fito da Faransanci ba.

Abin da hannuna ya samu shi na jawo na tara na yi amai a ciki, kuma abin da ya samu shi ne sabon zanen kamfani, wanda mace ko ɗaya ba ta taɓa ɗaurawa ba a duniya.

Cokalin Kumandan ya tsaya a sama, wajen Denmark. Ni kuwa na dunƙule atamfar a ƙirjina, na sunkuyar da kai, ina roƙon Allah Ya buɗe ƙasan jirgin in wuce.

Gwaggo ce ta fara motsi. Ta miƙe da ɗaurinta da zinarenta, ta karɓi ƙunshin daga hannuna ta naɗe shi tsaf kamar wanda aka saya, ta saƙale a hammata. Ta dubi Kumandan, ta yi masa Faransancinta na Adjamé wanda ba wanda ya wanke: yarinya ta nemi hanya, ta sake nema, kai kana wasa da cokali, a garinku sai mutum ya mutu ake sallamarsa? Sannan ta juya ga Madam ta ce zanen nan dai ya riga ya zama namu, sai a yi maganar sauran.

Wani ma'aikaci ya raka mu ɗaki, ya kawo ƙwayar magani da busasshen biskit. Na kwanta na juya wa tagar baya. Gwaggo ta shiga banɗaki da atamfar da sabulu, ina jin ta tana wanki tana dariya ƙasa-ƙasa.

"'Yar teku," ta ce daga ciki. "Sannu 'yar teku."

Na ce cikin filo, "Gwaggo, na ɓata miki ciniki."

"Wane ciniki? Ga shi na wanke, bai zuba ba. Gobe zan gaya mata kayanta na da kyau, mun gwada."

Washegari Kumandan ya aiko da kwandon 'ya'yan itace, ya kuma tare Gwaggo a bene ya sa ta yi masa bayanin neman hanya tun daga tushe. Ban je na juya musu ba. Ban fito ba sai da jirgin ya daina rawa. Yadda suka fahimci juna, Allah ne masani. Madam ma ta ba Gwaggo zanen, ko don kyan cinikinta ko don ba ta san yadda za ta karɓe shi ba.

Da kayan suka iso Adjamé, Gwaggo ba ta ɓoye komai ba. Duk wadda ta tsaya a shago sai ta ji labarin, da cokali da burodi da komai, kuma a kowane bayarwa igiyar ruwan tana ƙara tsawo. Kafin wata ya ƙare matan kasuwa sun raɗa wa atamfar suna da kansu: Demande la route. Ta sayu sosai. Na gan ta a jikin amare, na gan ta a wurin suna, na gan ta a jikin wata mata a gbaka tana cin gyaɗa hankali kwance. Gwaggo ta ɗinka mini riga da zane da ita, ban taɓa sawa ba.

Abin da na koya bai da yawa. Ladabi ma yana da iyakar ƙasa, kuma namu bai samu bizar Norway ba. Har yanzu ina neman hanya a gidan mutane, ina jira a ba ni rabi. Amma idan cikina ne ya fara nema, tashi nake in tafi, in dawo in gaisa daga baya.