Hotona a Bangon Kemis

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ga kaina kwance a jikin bango a kasuwar Rogo ba. Har gobe in na tuna sai gumi ya karyo mini.

Zamanin mulkin soja na ƙarshe ne, ina koyarwa a wata firamare a Karaye. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ta haɗa gwiwa da ƙungiyar samarinmu don wayar da kai kan cutar ƙanjamau. Su ke kawo mota da lasifika, mu kuma mu shirya wasan kwaikwayo mu zaga ƙauyuka. Da aka zo rabon aiki, babu ko gardama aka ce ni zan fito a maras lafiya. (Allah Ya yi ni siriri, in na tuɓe riga ana iya ƙirga haƙarƙarina daga tsallaken titi.) Ni kuwa sai na ɗauka ƙwarewata aka gani.

Na zage kuwa. In shafa toka a leɓe, in kwanta kan tabarma ina nishi, har sai da tsofaffin mata suka yi kuka a ƙauyen Turawa. Ranar da wata Baturiya ta zo daga ƙungiyar ta ce za ta ɗauke ni hoto, ni da kaina na ƙara tsuke ciki na langaɓe wuya. Ban tambayi me za a yi da shi ba. Na dai cika abokai da cewa hotona ya tafi Turai.

Mutum ɗaya na ɓoye wa harkar nan: Malam Sule mai hatsi, mahaifin Rabi, yarinyar da aka sa mana rana bayan babbar sallah. A wurin dattijon nan, ɗan wasan kwaikwayo da ɗan iska duk ɗaya ne.

Wata ranar kasuwa na gamu da shi a Rogo. Na durƙusa na gaishe shi, na karɓi jakarsa, ina biye da shi zuwa tasha ina ta nuna ladabi. Sai muka tarar da mutane sun yi dafifi a gaban wani kemis. Wani ya waiwayo, ya dube ni, ya dubi bango, ya ce, "Innalillahi! Ga shi nan da ransa!"

Nan take aka dare mana hanya.

Ni ne. Ƙatuwar fasta, ina kwance ba riga, ido ya faɗa, leɓe fari fat. A ƙasa an rubuta: "Ƙanjamau ba ta da magani. Kare kanka." Ko kalma ɗaya babu da ta ce wasa ne. Mai shayin da ke gefe har ya janye kofunansa.

Malam Sule ya karanta a hankali, a fili, sannan ya juyo. "Yaro, kai ne wannan?"

"Baba, wallahi lafiyata ƙalau. Wasan kwaikwayo ne."

"Wasan kwaikwayo?" Na rasa wanne ya fi ƙona masa rai cikin biyun, ciwon ko wasan. Ya karɓi jakarsa da kansa ya ce, "Ba ni da 'yar da zan ba bango. An ce a Kano ana auna jini. Ka je a auna."

Kwanakin jiran sakamakon nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Na san kaina, amma tsoron da na daɗe ina kwaikwayo sai a lokacin na san kamarsa. Na ga yadda abokai ke miƙo hannu da ƙyar, na fahimci abin da masu ciwon na gaske ke haɗiyewa kullum.

Sakamako ya fito lafiya. Malam Sule ya ce adalci shi ne a auna Rabi ita ma, aka kuwa yi, aka ɗaura aure. (Duk zagayen da muka yi muna roƙon a riƙa awo kafin aure, ba wanda ya yarda. Ni na zama na farko, ba don jarumta ba.)

Tun daga nan na koyi cewa mai wa'azi ya shirya, wata rana da shi za a fara. Na kuma fara cin abinci sosai.