Yadda Za Ki Haddace Sauyin Yanayi Ba Tare da Kin Taɓa Wanke-wanke Ba

Jarrabawar labarin ƙasa ranar Litinin ce, kuma Baba ya gama magana: in kika faɗi, aji za ki maimaita, ƙanwarki ta tarar da ke a ciki. Kwantar da hankalinki. Na san darasin nan ciki da waje, shekara biyu na yi ina karanta shi. Ki bi matakan nan, nasara tabbas ce.

1. Ari littafi

Naki littafin rubutun shafi uku ne darasi, sauran duk zanen furanni. Je wurin 'yar bencin gaba, mai rubutu da alƙalamin tawada kamar an buga da inji. Za ta ce, "Don Allah ki kula min da shi, shi kenan gare ni." Dafa ƙirji, ki ce haba, kamar ba ta san ki ba.

2. Zaɓi wurin zama

Kada ki shiga ɗaki. Karatun da ba a gani ba, asarar wahala ne. Shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ƙarƙashin igiyar shanya, ki baje taswira, ki haɗe rai. Karanta da ƙarfi yadda har maƙwabta za su san bambancin damina da rani.

3. Kare kanki daga aiki

In Mama ta ce ga kwanuka can, yi ajiyar zuciya.

"Mama, ƙanƙara na narkewa, teku na cikowa, ke kuma ta kwanuka kike?"

Ba za ta gane ba, amma za ta ji tsoro. Za ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ƙwala wa ƙanwarki kira. In kin ji yarinyar tana maimaita karatunki a bakin famfo, ƙyale ta. Me ta sani?

4. Gyara wa Kaka kuskure

Kaka za ta shafa gwiwarta, ta dubi sama.

"Ke 'yar nan, gwiwata na faɗa min za a yi ruwa. Ku kwashe shanya."

Nuna mata jadawalin da ke shafi na tara. "Kaka, a rubuce yake, saura wata biyu ruwa ya sauka."

"To, littafin naku yana da gwiwa?"

Kada ki tanka. Mai ilimi ba ya musu da gwiwa.

5. Huta

Ƙwaƙwalwa ma 'yar adam ce. Bar littafin a buɗe kan tabarma don a san ba ki tashi ba, ki leƙa maƙwabta kitso. In kin ji iska ta juya, ki tuna shafi na tara. In kin ji tsawa, babbar mota ce.

6. Dawo da gudu

Za ki tarar ƙanwarki ta kwashe shanya tas, don shanya aka ce mata. Littafin kuwa yana nan inda kika bar shi. Taswirar duniya ta koma shuɗiya gaba ɗaya, teku ta cinye ƙasa kamar yadda kika yi wa Mama gargaɗi. A nan za ki tuna gobe mai littafin za ta zo karɓa, ita ma ba ta gama bita ba. Kukan da za ta yi ya fi faɗan Baba ciwo, wannan ni shaida ce.

7. Ranar Litinin

Tambaya ta farko: kawo misali ɗaya na sauyin yanayi. Rubuta abin da ya faru a tsakar gidanku, za ki samu maki biyu cur. Sauran tambayoyi tara kuwa, amsarsu na wurin mai wanke-wanke.

Gargaɗi

Ba ruwana da abin da ya biyo baya. Ban aiko da hadari ba, ban ce ki je kitso da nisa ba. In kuma ƙanwarki ta tarar da ke a aji, ki roƙe ta ku zauna benci ɗaya. Tawa ta yarda, kuma har yau ba ta bari na taɓa littafinta.