Yadda Keken Kawuna Ya Zama Barewa

Jama'a, ku yi haƙuri da ni yau, ƙafafuna ciwo suke yi. Kwana uku na yi ina gadin barewa mai taya biyu.

Da layin mai ya kai ƙofar gidanmu, har wani direba ya shanya wanki a kan motarsa, sai na ce bari in je in ga gandun dajin nan da rediyo ke cewa ya cika da namun daji. Na ari keken Kawu, wanda yake tallan burodi da shi. Ya ce, "Ɗan nan, Litinin da safe ina son abina. Shi ne gonata, shi ne shagona." Na ɗaure tabarma, buta da tantin da na ɗinka da buhuna, na kama hanya a hankali.

A ƙofar gandun na tarar da mai gadi da ƙaton littafi. Ya dube ni, ya dubi keken.

"Samari, layi biyu ne a littafin nan: mota da dabba. Yana shan mai?"

Na ce a'a.

"To ba mota ba ne. Yana da ƙaho?"

Na ce kan keke ne, Baba.

"Ya lanƙwasa dai." Ya rubuta: barewa, ɗaya.

Ni ban yi zurfi a karatu ba, ba na musu da mai biro. Na wuce. Na yi yini guda ina taka keke cikin ciyawa, abin da na gani mai rai ƙadangare ne guda biyu da wata akuya da ta ɓata hanya. Amma alluna kam, Allah ya saka wa manya da alheri: Hattara da Zaki, Kada Ka Ba Giwa Abinci. Na kafa tantina a gindin allon zakin, don nan ne inuwa ta fi.

Washegari ina wanke fuska sai ga motoci goma sha biyu, ko ina suka sami mai, oho. Mai Girma Babban Uban Dabbobin da Ke Cikin Takarda ne da kansa. Ashe an kai masa labari cewa, karo na farko cikin shekara tara, yawan namun daji ya ƙaru. Ya shafa sirdin keken, ya ce, "Tana cin abinci sosai?" Na ce sai dai iska, ranka ya daɗe. Ya juya ga mutanensa: "Kun ji irin dabbar da muke so." Wani ya danna ƙararrawar keken, aka yi tafi. Kafin su tafi suka ɗaura ƙyalle a bakin tantina, suka yanka, wai an buɗe sabon masaukin baƙi.

Ranar Lahadi na zo fita, mai gadi ya tare hanya.

"Kai ka wuce. Barewa ta tsaya. Fitar da dabba farauta ce."

"Baba, na kawuna ne. Da shi yake ciyar da mutum bakwai."

"Ka ga littafi." Ya sosa ƙeya, ya rage murya. "Amma fa dabba in ta gudu da kanta, ba laifin kowa. Duk sauran haka suka yi."

"Ta ina?"

Ya nuna dama da hagu. Sai a lokacin na lura ƙofa ce kawai a tsaye. Katangar, wadda aka yi bikin kammala ta sau uku, babu ko bulo ɗaya. Na tura keken ta gefen ƙofa, gangara ta ɗauke shi, ni kuma na fita ta ƙofa kamar mutumin kirki. Mai gadi ya bari sai da na yi nisa, sannan ya busa usur.

Litinin Kawu ya fita tallansa. Da rana rediyo ya ce an kafa kwamiti mai mutum ashirin don nemo barewar da ta tsere. Maƙwabcinmu tela ya leƙo ya ce, "Kawu, a rufe mata ƙaho dai." Yanzu da buhu a kan keken yake yawo.

In kun ji mai burodi yana kiran ciniki da baki, ba ya danna ƙararrawa, ku saya kawai, kada ku tambaya.